Ɗiyata, Na Yi Kishin Farfesarki

Zuwa ga ɗiyata ta fari, a jami'arta can Ingila.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan karatunki da malamanki. Mu nan Yelwa kowa lafiya. Damina ta yi kyau, tafki ya cika har ya taɓo gonakin shinkafar bakin ruwa. Ƙannenki suna gaishe ki, Kawu Bala ma yana gaishe ki. Ni ma lafiyata ƙalau, kuma wannan lafiyar ce ta zaunar da ni rubutu.

Yau kwana tara ba ki ɗauki wayata ba, ban kuwa ga laifinki ba. Na san za ki yi mamakin ganin wannan a shafina na sada zumunta, inda tsofaffin ɗalibaina da malaman da muka yi aiki tare duk za su karanta. To ƙaryar da na yi miki ba ta tsaya tsakaninmu ba. Ta zaga unguwa, har mata sun zo mini dubiya. Tunda kowa ya ji ƙaryar, gara kowa ya ji gaskiyar.

Bari in faro daga ranar da kika tafi. Mun raka ki tasha da sassafe, Kawu Bala yana ja miki akwati, ƙannenki suna kuka. Kin durƙusa gabana. Na ce Allah shi tsare, ki riƙe salla, na juya. Ban jira motar ta tashi ba. Mutane suka ce Malama Rakiya akwai ƙarfin zuciya. Na koma gida na shiga ɗakinki na zauna bakin gado har azahar, ban ko cire mayafi ba.

Makonninki na farko a can, kullum sai kin kira ni. Kin ɓata a harabar jami'ar sau uku, kin ce gine-ginen duk kama ɗaya gare su, kuma jami'ar gari ce guda a bayan gari, da kantunanta da asibitinta da motocinta. Kin ce ku takwas kuke haɗa kicin ɗaya, kowa da sunansa a jikin kwanonsa a firji, ba mai cewa wani bismilla. Kin ce kowa sauri yake, a ƙasa ko a keke, kuma in kin gaida mutum sai ya yi miki murmushi ya wuce kafin ki tambayi gajiya. Kina faɗa kina kuka. Ina rarrashin ki, amma yau zan gaya miki abin da ban faɗa ba: kukan nan yana mini daɗi. Yana nuna mini har yanzu ba ki da kowa sai ni.

Wata rana kika juya mini wayar kika ce, Inna, ga tafkin jami'armu. Na ga wani ruwa zagaye da ciyawa, da agwagi da kujerun zama. Na yi dariya har da hawaye. Na ce ke da aka haifa a bakin Kainji, wadda ta ƙetara zuwa gungu a kwalekwale tun ba ta iya tafiya ba, ke ce kike kiran wannan kududdufi tafki? Ke ma kika yi dariya. Ina jin ranar ce ta ƙarshe da na yi dariya a kan jami'arki da zuciya ɗaya.

Daga nan ne wani suna ya fara shigowa maganarki. Helen ta ce kaza, Helen ta ba ni littafi. Na ɗauka wata ƙawa ce. Da na tambaya sai kika ce ai farfesar da ke duba aikinki ce, mace mai furfura, wadda ta girme ni. Na ce kuma kike kiran ta da sunanta tsirara? Kika ce ita ta hana a ce mata Farfesa, a can haka ake yi.

Kin ba ni labarin ajinku. Ku tara ne kacal, kuna zagaye da tebur, ita ma tana zaune cikinku da kofin shayinta. Kin ce makonni uku ba ki buɗe baki ba, sai ta tsayar da ke bayan darasi ta ce miki, ba na son ki yarda da ni, so nake ki yi mini gardama. Mako na gaba kuwa kika yi mata, a kan yadda yara ke kamuwa da tsargiya a bakin ruwa. Kika ce littafin ya yi kuskure, don a wajenmu ba wanka kaɗai ke kai yara ruwa ba, su ke wanke kifi, su ke janyo jirgi. Ta tafa miki a gaban kowa.

Kina ba ni labarin muryarki na rawa don murna, ni kuwa wani abu ya tokare mini ƙirji. Wa ya nuna miki wannan? Ba ni ba ce? Lokacin da nake koyarwa a ƙauyen nan na bayan Wara, kina aji huɗu, ba tare muke bi gida-gida muna roƙon iyaye su kai yaran da ke fitsarin jini asibiti ba? Ba ni na ɗauko katantanwa a bakin ruwa na ɗora miki a tafin hannu na ce a cikin wannan ciwon yake kwana ba? Ni na shuka, wata can ta tafa. Kuma na tuna, sau nawa kika so yi mini gardama a gida na ce miki yarinya ba ta ɗaga ido gaban manya.

Akwai kuma abin da ko Kawu Bala bai sani ba. Ba ita kaɗai na yi wa ƙyashi ba, har da ke. Ranar da kika zaga da ni ɗakin karatunku a waya, hawa biyar, littattafai har ido ya gaji, ga kujeru masu laushi a bakin taga, kika ce ba a rufe shi ko ranar Lahadi. Na ce ma sha Allah. Da muka gama na buɗe akwatina na fito da wata takarda da ta yi ja don daɗewa. Takardar samun gurbin karatun digiri ce, tawa. Ta zo ina da cikinki wata shida. Marigayi babanki bai hana ni ba, ni na ce sai baɗi. Baɗin ta zo da goyo, ta gaba ta zo da canjin wurin aiki, daga nan na daina faɗa. Shekara ashirin da takwas ina riƙe da alli, a ajin da wani lokaci rabin yaran a ƙasa suke zaune. Ban taɓa nadamar haihuwarki ba, Allah shi ne shaidata. Amma ranar na kalli kujerar nan ta bakin taga na ji ina ma ni ce.

Da sanyi ya shigo, rana tana faɗuwa muku tun la'asar, sai zazzaɓi ya kwantar da ke. Kwana biyu ban ji ki ba. Na kasa cin abinci, na kasa zuwa makaranta. Rana ta uku kika kira da dasasshiyar murya kika ce kada in damu, Helen ta ga ba ki zo aji ba, ta tuko mota har ɗakin kwanan ɗalibai, ta kai ki wajen likita, ta kawo miki romo a kwano da wata jar rigar sanyi ta ɗiyarta. Na ce Allah shi saka mata da alheri. Bakina ne ya faɗa. Zuciyata cewa take, wace ce ita da za ta taɓa goshin ɗiyata ta ji zafin jikinta, ni ina nan riƙe da waya?

Jar rigar nan kuwa ta hana ni sakat. A dusar ƙanƙara kina cikinta, a gaban ɗakin gwaje-gwaje kina cikinta, a taron ɗalibai Musulmi kina cikinta. Atamfofi uku na ɗinka miki kafin ki tafi, na zaɓi zanen da kaina a kasuwar Yelwa. Na yi ta buɗe hotunanki ina faɗaɗa su da yatsa, ko zan hango bakin zane ɗaya yana leƙowa daga ƙarƙashin rigar. Na san sanyi ne. Na san atamfa ba ta tare sanyin Ingila. Sanin bai hana ni jin haushi ba.

Kin tuna masar ƙaramar Salla? Kin kira ni kika ce za ki gayyaci 'yan kicinku da Helen, wata Ba'indiya ta ara miki kasko mai ramuka kamar tanda, in faɗa miki yadda nake haɗa ƙulluna. Na faɗa miki komai, jiƙo da niƙa da yis da albasa. Ban faɗa miki a zuba dafaffiyar shinkafa a ciki ba, kuma ita ce ke sa masata laushi. Ba mantuwa na yi ba. Ba na son matar nan ta ci masar gidana a inda ba ni. Washegari kika ce ta fito da ɗan tauri, amma Helen ta ci huɗu ta ce ba ta taɓa cin abu mai daɗinta ba. Na rasa wanda zan ji wa haushi, ita ko kaina.

A ranar ne kuma kika haɗa mu a waya, fuska da fuska. Na ga mace doguwa, siririya, da tabarau rataye a wuya. Ta ce, sannu Inna, ina wuni, da Hausar da kika koya mata. Sai ta dafa kafaɗarki, ta janyo ki jikinta, ta shiga yabon ki da Turanci. Ina jin Turanci, kin sani, na fahimci duk abin da ta ce. Amma ba yabon ne ya tsaya mini ba. Sunanki ne. Tana ta kiran sa, kamar ba komai ba, kamar ita ta raɗa miki. Na ce miki layin ba kyau, na kashe wayar. Layin lafiya lau yake.

Ke 'yar fari ce. Yadda Innata ta yi da yayana, haka na yi da ke. Ban taɓa kiran sunanki ba, ban taɓa rungumar ki gaban mutane ba, ban taɓa yabon ki kina ji ba. Ke nake ce miki, ko Yaya, yadda ƙannenki ke faɗa. Ranar da sakamakon jarrabawarki ya fito kika zo ta ɗaya a makarantarku, maƙwabta na guɗa, ni na ce ki je ki kwashe shanya kada ruwa ya sauko. Kunya ce aka koya mana, kuma na ɗauka kin san abin da ke bayanta. Sai ga wata ta zo da rana tsaka tana yi miki duk abin da na haɗiye shekara ashirin da shida, a sauƙaƙe, ke kuma fuskarki ta yi wani haske da ban taɓa gani ba. To bari in gwada a nan. Safiya. Hannu ya rubuta, baki bai koya ba tukuna.

Da kika kusa gama kundinki kika turo mini shafin godiya, kika ce in duba. Ni kika fara ambata, ban musa ba. Layi ɗaya: ga mahaifiyata, da addu'arta ta kawo ni nan. Ita kuwa sakin layi guda, kuma a ƙarshensa kika ce ta zame miki uwa a ƙasar da ba ki da kowa. Na karanta kalmar nan ta uwa har ta daina kama da kalma. Na rubuta miki, ya yi kyau. Sai na kife wayar a kan tabarma.

Saboda haka ranar da kika kira da babban labarin, kin same ni a cike. Kin ce Helen ta samo miki gurbin digirin digirgir a ƙarƙashinta, shekara huɗu, a kan tsargiyar bakin Kainji, kuma duk rani za ki riƙa zuwa aikin bincike a ƙauyukan Ngaski da Shanga. Kin ce suna son amsa kafin ƙarshen wata. Kika ce, Inna, me kika gani? Ni ban ji Ngaski ba, ban ji Shanga ba. Shekara huɗu kawai na ji, da a ƙarƙashinta.

Sai na ji bakina yana cewa, da ma akwai maganar da nake ɓoye miki, likita ya ce jinina ya hau sosai, har jiri na ɗaukata a aji. Ban shirya ƙaryar ba, amma da ta fito ban janye ta ba. Kika ce, to shi ke nan Inna, zan ba su haƙuri, ina miƙa kundi zan taho. Ko gardama ba ki yi mini ba. Ita kina yi mata, ni ba ki yi mini ba, har wannan sai da ya ƙona mini rai.

Kin kira Kawu Bala kina kuka, shi kuma ya gaya wa matarsa, kafin la'asar gidanmu ya cika. Dole na hau gado na ja zane. Wannan ta kawo kunu, wannan ta kawo lemo, wata ta kawo sassaƙe ta ce in jiƙa in sha. Malaman makarantarmu suka zo a jere suka yi mini addu'a. Ina kwance ina amsa sannu da ƙaramar murya, ni da na yi shekaru ina hukunta yara a kan ƙarya. Kwana huɗu na yi a gadon nan.

Rana ta biyar Talatu ta zo, maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya, da abin awon jininta a jaka. Ta ɗaura mini a hannu, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa. Sai ta sallami matan da ke ɗakin ta tura ƙofa. Ta ce, Rakiya, jininki ya fi nawa lafiya, mi ke damun ki? Na ce kishi. Ta ce kishin wa? Na ce wata Baturiya da ban taɓa gani ido da ido ba. Ta yi dariya har ta riƙe ciki. Da na gaya mata abin da kika ce za ki bari saboda ni, sai dariyar ta ɗauke. Ta ce, tashi ki kira ta yanzu, ina tsaye.

Na kira ki. Kin san abin da na ce, don ba shi da yawa: ba ni da ciwon komai, ƙarya na yi. Kika tambaye ni don me, na kasa amsawa. Kika ce kin riga kin aika musu da takardar haƙuri tun shekaranjiya. Kika ce, to Inna, sai an jima. Tun daga ranar wayarki ke ƙara har ta katse.

Jiya da hantsi ina ofishin makaranta sai ga saƙo daga baƙuwar lamba. Ita ce, farfesarki. Ta ce ta karɓi lambata a wajenki tun lokacin da na ce ba ni da lafiya, don ta tambayi irin maganin da nake sha. Ta ce ba ta miƙa takardarki ga hukumar jami'a ba, ta ajiye ta a aljihun teburinta don ta ba ki lokaci, kuma yanzu kin janye ta, gurbinki yana nan. Ta ce ba ki gaya mata abin da ya shiga tsakaninmu ba, ba ta kuma tambaya ba, amma ta ga kin rame, ta ce miki ki kira mahaifiyarki. Ta rufe da neman izini, wai in rani ya yi za ku zo tare, tana so ta zo har gida ta gaida matar da ta fara koya miki kimiyya.

Na yi hamdala, na yi sujada a kan simintin ofis. Abin da na kusa rushewa Allah ya tsare. Amma da na ɗago, kin san me na ji? Haushi. Wato ko gyaran ɓarnata sai ita, ko sulhunmu ni da ke sai ta sa baki. Kuma ta yi shi da ladabin da bai bar mini inda zan kama ta da laifi ba. Na so a ce tana da girman kai. Na so a ce akwai abin da take nema a wajenki. Na duba, babu. Mutumiyar kirki ce, ni ce ban iya raba ki da kowa ba.

Ba zan ce miki na warke ba, don na gaji da ƙarya. Gobe in kika ce Helen ta ce, abin nan zai sake tokare ni. Amma na yi alkawari tsakanina da Allah ba zan ƙara bari ya yi magana da bakina ba. Ki yi karatunki. Ki zauna a kujerar bakin taga. Ki yi gardama da ita, in kin dawo ki yi da ni ma, zan daure. Ki yafe mini, ɗiyata. Na tsorata ki a ƙasar da ba ki da dangi, na sa ki kuka a kan ciwon da babu shi. Ku ma da kuka kawo mini kunu da addu'a, ku yafe mini.

Abu biyu nake roƙo. Na farko, kada ki kira ni don ta ce ki kira. Ki bari sai ranar da ke da kanki kika ji kina son jin muryata, ko da wata guda ne, zan jira. Na biyu, Talatu ta ce ɗan yayarta ya gaya mata a bikin yaye ɗalibai ana ba kowane ɗalibi kujerun iyaye. Na amsa wa farfesarki, na ce ta zo, gidana a buɗe yake, ɗakin baƙi ma zan sa a yi masa fenti. Amma ita tana da kujerarta a kan dandamali tare da manyan malamai. Ta ƙasa, wadda aka ware wa iyaye, kada ki ba kowa. Na riga na je an ɗauke ni hoton fasfo.

Allah shi yi miki albarka, shi buɗe miki ƙirji, shi sa iliminki ya amfani yaran bakin ruwan nan. Allah shi tsare miki imaninki da lafiyarki, shi jiƙan babanki da bai ga wannan rana ba. Matar da ta riƙe ki a can, Allah shi saka mata da alheri, wannan karon har zuciyata. Ni kuma Allah shi yaye mini abin da ke ƙirjina, shi nuna mini ranar da za ki shigo gidan nan da sallama. Amin.

Wassalam.

Innarki,
Rakiya, daga Yelwa.